Kwamfutar Kallo a Falo: Wane Akwati Za Ka Saya, Wace Manhaja Za Ka Ɗora?

Ƙanina ya gama gyaran falonsa, ya rataye talabijin mai inci 55 a bango, sai ya kira ni da daddare. Yana son ƙaramar kwamfuta da za ta zauna ƙarƙashin talabijin ɗin ta riƙe masa finafinai da bidiyon bukukuwan dangi da tafsirin azumi da ya yi shekaru yana tarawa a faifai uku daban-daban. Wani ya ce masa Raspberry Pi, wani ya ce ya nemi ƙaramar kwamfutar ofis 'yar Beljiyam, wani mai shago kuma ya ɗaga masa akwatin Android mai araha ya ce komai na ciki. A ɓangaren manhaja sunaye huɗu ke ta yawo a kunnensa: Kodi, Plex, Jellyfin da Emby. Katin wayarsa ya ƙare ban gama ba shi amsa ba, shi ya sa na zauna na rubuta.

Yawancin masu rubutu a kan wannan batu suna zaune ne a ƙasashen da ba a ɗauke wuta, intanet ɗinsu kuma ba ya ƙarewa. Tambayarsu ta farko ita ce kyan hoto. Tamu ta farko ita ce wuta, ta biyu data, kyan hoto sai ya biyo baya.

Ma'aunan da za ka riƙe

Fara da cin wuta. Na'urar da ke cin wat 10, in ta kwana ta wuni a kunne, yunit 7.2 za ta sha a wata. Tsohuwar babbar kwamfutar tebur mai cin wat 100 kuwa yunit 72 ce. A farashin da aka yanka wa 'yan Band A a watan Afrilun 2024, wato naira 225 kowane yunit, ta farko naira 1,620 ce, ta biyu naira 16,200. In a kan inbata kake lissafin ya fi zafi: babban talabijin shi kansa yakan ci wajen wat 100, to in ka ƙara masa wata mai cin wat 100 ka raba daren batirinka biyu ke nan. Sannan akwai tambayar da ba a cika yi ba: me ke faruwa da na'urar in aka ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, sau uku a yini, shekara guda cur?

Sai data. Netflix da bakinsa ya ce kallon awa ɗaya na hoto mai kyau na iya cin gigabait 3, na 4K kuma har 7. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, amfanin kwamfutar falo a wurinmu shi ne ka ajiye abu sau ɗaya, a yi ta kallonsa ba tare da an taɓa data ba. Saboda haka duk manhajar da ke neman intanet kafin ta nuna maka fayil ɗin da ke cikin ɗakinka ta fara da bashi.

Na uku shi ne zubin bidiyo. Kusan duk abin da ke hannun mutane zubi uku ne: H.264, wanda ya fi yawa kuma kowace na'ura na karantawa. HEVC, wanda ke ba da hoto iri ɗaya a fayil mafi ƙanƙanta, kuma shi ne na yawancin finafinan 4K. Sai AV1, sabon shiga. Abin dubawa shi ne ko na'urar tana da sashen da aka ƙera musamman don karanta zubin. In tana da shi, fim zai tafi sumul tana sanyi. In ba ta da shi, furosesa ce za ta ɗauki nauyin, fanka ta yi ta kuka, hoto ya riƙa sarƙewa.

Na huɗu, kuma shi ne ke raba gardamar manhaja: allo nawa za a kalla a kai? Talabijin ɗaya a falo daban, gida mai falon maigida da ɗakin uwargida da wayoyin yara daban.

Ragowar ma'aunan su ne sauƙin sarrafawa (in Hajiya ko yaro ɗan shekara bakwai ba za su iya kunna abin da rimot ba, kai za a riƙa kira daga kasuwa), juriya ga zafin bazara da ƙurar hunturu, da kuma kuɗi, na sayen farko da wanda zai riƙa fita duk wata.

Raspberry Pi

Ɗan ƙaramin injin kwamfuta ne mai girman katin banki da wata gidauniya a Birtaniya ta ƙirƙiro. Pi 4 ya fito a 2019, Pi 5 a Oktoban 2023 a kan dala 60 mai RAM gigabait 4, dala 80 mai 8. Kada wannan farashin ya ruɗe ka, tsirara ake sayar da shi. Sai ka sayi gida, da caja, da katin memori, da kebul mai ƙaramin bakin HDMI, da fanka. Kafin ka gama ka kusa kamo kuɗin ƙaramar kwamfuta cikakkiya.

Abin da ya fi kowa a kai shi ne rimot. Yana jin HDMI-CEC, wato rimot ɗin talabijin ɗinka shi zai sarrafa shi ba tare da ka sayi komai ba. Samsung na kiran wannan tsari Anynet+, LG na ce masa SimpLink, Sony kuma Bravia Sync. Ka shiga saitin talabijin ka kunna. Cin wutarsa bai wuce na ƙwan fitila mai adana wuta ba. Pi 4 da Pi 5 duka suna karanta HEVC har 4K. Pi 4 na karanta H.264 da sashensa na musamman har 1080p, Pi 5 an cire masa wannan sashe amma furosesarsa na iya ɗauka. Babu mai sashen AV1 a cikinsu.

Rauninsa uku ne, kuma duka ukun sun fi tsanani a wurinmu. Katin memori ba ya son yankewar wuta, kasuwa kuma cike take da na jabu. Caja: Pi 4 na son bolt 5 amfiya 3, Pi 5 na son amfiya 5, cajar waya ta gefen titi ba za ta yi ba, kuma in ka rataya masa faifan ajiya mai juyi kai tsaye wutar kan gaza. Sai zafi: da ya haura digiri 80 yakan rage wa kansa gudu, kuma a ɗakin Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ba a daɗe ake kaiwa can in babu fanka.

Ƙaramar kwamfutar ofis ta hannu

Dell OptiPlex Micro, HP EliteDesk Mini, Lenovo ThinkCentre Tiny. Girmansu kamar babban littafi, kamfanoni a Turai da Amurka kan sauya su duk bayan 'yan shekaru, su gangaro mana ta Computer Village a Ikeja zuwa Beirut Road a Kano da Banex a Abuja. Ni a nan zuciyata ta fi kwanciya, domin an ƙera su ne su wuni suna aiki, ana iya ƙara musu RAM da faifai, kuma duk mai gyaran kwamfuta ya san cikinsu.

Sai dai akwai abin da dole ka duba kafin ka miƙa kuɗi, shi ne zangon furosesa. Lambar farko bayan layi ita ke faɗa maka: i5-6500T zango na 6, i5-7500T na 7, i5-8500T na 8. Daga zango na 7 ne Intel ta fara karanta HEVC mai zurfin launi 10, wanda finafinan 4K ke amfani da shi. Na 6 ya fi araha kuma masu shago sun fi tura shi, amma zai yi maka gardama a kan irin waɗannan fayiloli. In Windows kake son bari a kai, nemi zango na 8 zuwa sama, domin daga nan Windows 11 ta fara karɓa, Windows 10 kuma Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Oktoban 2025. Wata i3 ta zango na 8 ta fi i7 ta zango na 4 amfani a wannan aiki, ko da mai shago zai rantse maka akasin haka.

Juya bayanta ka kalli bakunan. Da yawansu DisplayPort suke da shi, ba HDMI ba, sai da adafta. Masu HDMI ɗin ma wasu tsohon 1.4 ne, wanda ke tsayar da 4K a hoto 30 a daƙiƙa. Ba sa jin rimot ɗin talabijin, sai ka sayi ɗan rimot mai haɗe da madannai da ake soka masa ƙaramin USB. Ka sa a kunna ta a gabanka, a shiga BIOS, wato shafin saitin asali na kwamfutar, ka tabbata ba a kulle ta da kalmar sirrin tsohon kamfani ba, ka kuma duba cajar ta asali ce. Cinikin biri a sama ba ya yi a kayan hannu. A cikin BIOS ɗin akwai saitin da ke sa ta kunna kanta da zarar an dawo da wuta. Kunna shi, za ka gode mini.

Tana da fanka, fanka kuma na zuƙar ƙura. Duk ƙarshen hunturu a buɗe a hure ta.

Sabuwar ƙaramar kwamfuta mai Intel N100

Furosesar N100 ta fito a farkon 2023, ƙwaya huɗu, an auna ta a wat 6. Kamfanonin Sin irin su Beelink suka cika kasuwa da injinan da aka gina a kanta, a 2024 galibi tsakanin dala 150 zuwa 200. Tana karanta H.264 da HEVC da AV1 duka, tana da HDMI na zamani, kuma ta ƙware wajen sauya zubin bidiyo nan take, abin da za mu zo kansa a manhaja. Wani alherin da Bature ba zai lura da shi ba: da yawansu bolt 12 suke ci, wato ɗan batirin nan da ake sa wa rauta zai iya riƙe ta in amfiyarsa ta kai. An ɗauke wuta, ita ba ta ma sani ba.

Haɗarin yana ga ingancin haɗi. Sunayen kamfanonin sun yi yawa, wasu na sa faifai mafi arha da suka samu, wasu sun manne RAM ɗin ba ya ciruwa, garanti kuma da zarar kaya ya tsallako teku sai a manta da shi. A farkon 2024 ɗaya daga cikin irin waɗannan kamfanoni ya amsa cewa wasu injinansa sun bar masana'anta da ƙwayar cuta a cikin Windows ɗinsu. Ko wacce ka saya, goge ta kakaf ka ɗora naka.

Akwatin Android

Iri biyu ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi ta farashi. Akwai masu lasisi: Nvidia Shield TV Pro da ta fito a 2019 a kan dala 200, Google TV Streamer da ta fito a 2024 a kan dala 100, da sandunan Fire TV na Amazon. Su kaɗai ne a wannan jerin ke nuna Netflix da ire-irensa da cikakken kyan hoto ba tare da wahala ba, saboda kamfanonin na kulle bidiyonsu sai ga na'urar da suka tantance. A kwamfuta mai Windows, 4K na Netflix na da sharuɗɗa masu yawa, a Linux kuwa a cire rai. YouTube ma, inda yawancin shirye-shiryen Kannywood masu dogon zango ke fita yanzu, a nan ya fi daɗin kallo.

Iri na biyu shi ne marar suna, mai kwali mai ƙyalli an rubuta 8K da RAM ɗin da babu shi a ciki. Kyan ɗan maciji. A watan Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi kan wata cuta da ake kira BADBOX 2.0, wadda ke zuwa a dashe cikin irin waɗannan akwatuna tun daga masana'anta, ta mayar da intanet ɗin gidanka hanyar wucewar 'yan damfara. A wurinmu wannan na nufin datarka na zurarewa kana barci. In ka riga ka sayi ɗaya kuma furosesarsa Amlogic ce, duba ko CoreELEC, wani ɗan tsari mai tayar da Kodi, na tafiya a kai. Yana tashi daga katin memori ya tsallake Android ɗin gaba ɗaya, akwatin ya koma na'urar Kodi mai kyau.

Tsohuwar laftof da babbar kwamfutar tebur

Laftof ɗin da allonta ya fashe ko madannanta suka mutu na da abin da sauran ba su da shi: batirinta a jikinta. In zangonta ya kai 7, gwada ta kafin ka sayi komai. Ka dai riƙa duba batirin, domin zama a caji kullum cikin zafi na kumbura shi. Babbar kwamfutar tebur mai katin hoto kuwa, in ba wasannin bidiyo masu nauyi za ka yi ba, ɓarnar wuta ce da ƙarar fanka a falo.

| Na'ura | Kuɗin saye | Cin wuta | Juriya | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Raspberry Pi | Matsakaici in an haɗa kayansa | Ƙasa sosai | Injin na daɗewa, katin memori ne matsala | Rimot ɗin talabijin na yi | Caja marar ƙarfi, katin jabu, zafi |
| Ƙaramar ta ofis ta hannu | Ƙasa zuwa matsakaici | Ƙasa | Mai kyau, akwai kayan gyara | Sai an sayi rimot | Tsohon zango, BIOS a kulle |
| Sabuwa mai N100 | Matsakaici | Ƙasa | Ya danganta da kamfani | Sai an sayi rimot | Faifai mai arha, babu garanti |
| Android mai lasisi | Matsakaici zuwa sama | Ƙasa sosai | Mai kyau | Ta fi kowa | Wurin ajiya kaɗan, son intanet |
| Android marar suna | Mafi arha | Ƙasa sosai | Rauni | Matsakaici | Ƙwayar cuta, bayanan ƙarya |
| Tsohuwar laftof | Tana hannunka | Matsakaici | Ya danganta da shekarunta | Matsakaici | Kumburin batir |

Kafin mu bar ƙarfe, kalma ɗaya kan ajiya. Na taɓa rasa faifai mai terabait 2 saboda an ɗauke wuta ina tsakiyar kwafa. Finafinan da ke ciki ban yi kukansu ba, bidiyon walimar saukar 'yata ne ya tafi, wanda babu shagon turin da za ka same shi. Faifai mai juyi ya fi arha a kowane terabait, amma ba ya yafe yankewar wuta ko faɗuwa. SSD ya fi juriya, ya fi tsada. Ɗora manhaja a SSD, zuba finafinai a mai juyi, ka sa batir tsakaninsu da wutar gari. Abin da ba ya sayuwa kuma a yi masa kwafi biyu, ɗaya a cire shi a ajiye a durowa.

Manhaja: mai kunnawa ko rumbu?

Mutane na jera sunayen huɗu kamar abu ɗaya suke yi, alhali aiki biyu ne. Kodi mai kunnawa ce: tana zaune a na'urar da ke manne da talabijin, tana karanta fayil ta nuna. Plex da Jellyfin da Emby rumbu ne: suna zaune a kwamfuta ɗaya da ke riƙe da faifan, sauran na'urorin gida suna ɗiba ta rauta. In wata waya ko talabijin ba ta iya karanta zubin wani fim, rumbun zai sauya masa zubi nan take ya miƙa mata. Wannan sauyin shi ne aiki mafi nauyi a harkar gaba ɗaya, shi ya sa N100 da kwamfutocin ofis daga zango na 7 suka dace da rumbu, Raspberry Pi kuma bai dace ba.

Kodi

Ta samo asali ne daga manhajar da masu sha'awa suka rubuta wa na'urar wasan Xbox ta farko, aka daɗe ana ce mata XBMC, aka sauya suna zuwa Kodi a 2014. Kyauta ce, wata gidauniya marar neman riba ke kula da ita, ba ta neman asusu, ba ta neman intanet. Hanya mafi tsafta ita ce a ɗora ta ta LibreELEC, wani ɗan Linux da ba ya yin komai sai tayar da Kodi. Ka kunna, ta buɗe kamar dikoda. Sashen da tsarin ke zaune a kulle yake ba a rubutu a kansa, don haka ya fi Windows jure ɗaukewar wuta nesa ba kusa ba.

Ta iya daidaita bugun allo da na fim, wato fim mai hoto 24 a daƙiƙa ya tafi ba tsalle. Saitin a kashe yake zuwa, sai ka kunna. Tana miƙa sauti yadda yake ga na'urar sifika ta fassara da kanta. Tana da kulle na yara. Manhajar Kore a waya na zama rimot.

Inda za ta ba ka ciwon kai shi ne jera kayanmu na gida. Duka huɗun suna ɗauko hoton fim da bayaninsa ne daga rumbunan intanet irin su TMDB, inda finafinan Hausa da yawa ba su shiga ba. Sai ka ga ta liƙa wa fim ɗin Kano hoton wani fim ɗin Turkiyya don sunan ya yi kama, ko ta liƙa wa bidiyon kamu hoton da ba ka so baƙo ya gani. Maganin shi ne ka ware jaka daban ta kayan gida da wa'azi ka ce kada ta nemo musu komai, ko ka rubuta musu ɗan fayil ɗin bayani na NFO ka ajiye hoto a gefe. Na waje kuma a rubuta suna da shekara, masu dogon zango a sa S01E01, wato zango na 1 kashi na 1. In kana da fassarar ƙasan allo da Hausa, ajiye fayil ɗin a UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su koma tarkace.

Rauninta na gaske biyu ne. Kowace na'ura da nata jerin, in ka tsaya a tsakiyar fim a falo ɗaki bai sani ba. Sannan YouTube a cikinta sai da wahalar nemo mabuɗai daga Google, Netflix kuma ba shi da manhajar hukuma a ciki. Game da ƙarin da ake ɗora mata masu alkawarin kowane fim da kowane wasan ƙwallo kyauta: ba na Kodi ba ne, suna mutuwa duk bayan 'yan watanni, suna cin data fiye da komai, kuma Kotun Tarayyar Turai ta yanke tun 2017 cewa sayar da akwati da su a ciki keta haƙƙin mallaka ne.

Plex

Reshe ne da ya ɓalle daga XBMC ya zama kamfani. Ta fi kowa kyan fuska, ta fi sauƙin kafawa, kuma da wuya ka ga talabijin mai wayo da babu manhajarta. Amma sai da asusu a wurin kamfanin, kuma in intanet ya yanke tana iya hana ka shiga rumbun da ke ɗakinka, sai in tun farko ka sa adireshin na'urorin gidanka a jerin waɗanda ba a tambaya. Sauya zubi da sashen musamman na furosesa sai mai Plex Pass, wato tsarinsu na biya. A ƙarshen Afrilun 2025 kamfanin ya ɗaga kuɗin zuwa dala 6.99 a wata, 69.99 a shekara, na dindindin daga 119.99 zuwa 249.99, ya kuma mayar da kallo daga wajen gida na kuɗi bayan shekaru yana kyauta. An kutsa bayanan masu asusu a 2022, aka sake a 2025. Ga mai samun naira yana biyan dala, kwalliyar ba ta cika biyan kuɗin sabulu ba.

Jellyfin

A Disamban 2018 aka tsage ta daga Emby, lokacin da masu Emby suka rufe lambar manhajarsu. Komai kyauta ne har da sauya zubi. Babu kamfani a tsakiya, asusun mutanen gida a kwamfutarka suke. Rauta ko babu data a cikinta, muddin tana kunne, kowa zai kalla. Kowane mutum da nasa shiga da nasa jaka, yara su ga nasu kawai, kowa ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Farashinta shi ne lokacinka. Kafawa na son mai haƙurin karatu, manhajojinta ba su kai na Plex gogewa ba, kuma a wasu talabijin sai ka haɗa da sandar Android. Kallo daga waje ma kai za ka shirya. Yawancin layukan waya, har da Starlink a tsarinsa na gida, ba sa ba ka adireshin intanet naka kai kaɗai, don haka hanyar buɗe ƙofa a rauta ba ta aiki. Manhaja irin Tailscale ke warware wannan. Ka tuna kuma duk fim ɗin da ɗanka ya kalla daga makaranta a Zariya, datarka ta gida ce ke tura shi, tasa ke karɓa. An biya sau biyu.

Emby da VLC

Emby na tsakanin biyun: ta fi Jellyfin laushi kaɗan, ba ta kai Plex dogaro da kamfani ba, amma sauya zubi da sashen musamman da wasu abubuwa sai an biya Premiere, tsarinta na kuɗi. In za ka biya, Plex ta fi yaɗuwa. In ba za ka biya ba, Jellyfin ta ba ka duka. VLC kuwa babu fayil ɗin da ba ta buɗewa, amma ta kan kwamfuta an yi ta ne don mai zaune gabanta, ba mai kishingiɗe a kujera da rimot ba.

| Manhaja | Kuɗi | Ba intanet | Allo da yawa | Sauƙin kafawa | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Kodi | Kyauta | Tana aiki sarai | A'a | Matsakaici | Ƙarin sata |
| Plex | Kyauta da na biya a dala | Sai an yi saiti | E | Mafi sauƙi | Ƙarin farashi, asusu a hannun kamfani |
| Jellyfin | Kyauta | Tana aiki sarai | E | Na son haƙuri | Kai ne mai gyara |
| Emby | Kyauta da na biya | Galibi tana aiki | E | Matsakaici | Muhimman abubuwa a kulle |
| VLC | Kyauta | Tana aiki sarai | A'a | Babu kafawa | Ta kan kwamfuta ba ta dace da rimot ba |

Wa ya dace da me

In talabijin ɗaya ne, faifai ɗaya, kuma dattawa ko yara ne za su fi riƙe rimot, Raspberry Pi da LibreELEC, da cajar asali da gida mai fanka. In Pi ya yi wuyar samu ko ya yi tsada, ƙaramar ta ofis zango na 7 da LibreELEC ɗin dai, ka ƙara ɗan rimot.

In gida ne mai sassa, da wayoyi biyar ko shida, N100 ko ta ofis zango na 8 a ajiye kusa da rauta, a haɗa su da kebul maimakon iska, a ɗora Jellyfin. Duka biyun a kan batir ɗaya. A babban falo kana iya sa Kodi ka haɗa ta da Jellyfin ta ƙarin da aka yi don haka, ka samu kyan kunnawar wannan da jerin wancan.

In kallonka kusan duka YouTube ne da Netflix kuma kana da intanet marar iyaka, kada ka haɗa kwamfuta. Sayi sanda ko akwati mai lasisi, ka ɗora masa Kodi ko VLC don 'yan fayilolinka.

In kana da 'yan'uwa a Jidda ko Kumasi da kake son su riƙa ganin bidiyon gida, ba ka son zama mai gyara, kuma biyan dala ba ya yi maka nauyi, nan ne kaɗai zan ce Plex.

Ƙanina ya faɗa rukuni na biyu ba tare da ya sani ba, domin da na tambaye shi allo nawa, sai ya ce ɗaya, matarsa daga gefe ta ce huɗu. Ya sayi ThinkCentre mai i5-8500T da faifai mai terabait 4. Ranar Asabar zan je mu raba jakunkuna, tafsiri gefe, biki gefe, kafin mu bar Jellyfin ta fara liƙa hotuna.